Neman shawara: mujallarmu ta lakwal ta ƙi naɗuwa

Nana: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a lise nan Damagaram. Mushenmu ya raba mu biyar-biyar, kowane rukuni ya fitar da ƴar mujalla da talla ɗaya a bangon baya. Mun ɗauki aikin fata: majema, dukawa, takalma da jakunkunan kasuwar Dole. Rubutu ya kai shafi 10, mai bugawa ya ce 10 ba ta naɗuwa. Hotuna sun fito dishi-dishi, ƙ da ɗ sun koma ƴan akwatuna, tallar kuma mushe ya ce ta cika surutu. Sati guda ya rage. A taimaka.

Sani: Wa alaikis salam ƙanwata. Mai bugun bai cuce ku ba. Takardar A3 guda in aka ninke ta, shafi 4 na A4 take bayarwa, shi ya sa lissafin ke tafiya 4, 8, 12. Ni da ni ne, 8 zan yi, aljihun ɗalibi ba ya son tawada mai launi. Hotuna kuma na san ta WhatsApp kuka tura wa juna, shi ke matse su. A tura su a matsayin fayil, bugu yana son 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci na hoton. Haruffa masu ƙugiya ku sa su da salon haruffa na Noto Sans ko DejaVu Sans, ku mai da aikin PDF kafin ya bar kwamfutarku. A fara buga shafi ɗaya a gani.

Malama Rabi: Ɗiyata, me kuka rubuta a tallar?

Nana: Malama, mun sa tarihin shagon, kaya kala tara da farashinsu, da gaisuwa ga masu saye.

Malama Rabi: To ai labari kuka rubuta. Wanda ya juya bangon mujalla ba zama zai yi ba. Ku koma wajen badukun, ku tambaye shi abin da mai saye ke fara tambaya. In ƙarko ne, tallar ta tsaya kan ƙarko: takalmi ƙafa ɗaya, hoto babba, a ɗauka da hantsi a inuwa, magana layi guda, sai inda shagon yake. Kuma ku nemi izininsa kafin fuskarsa ta shiga takarda. Wasu dattawan ba su so.

Baba Ilu: Kada dai a rage shafin tarihi. Garin da Sarki Tanimun ya kewaye da ganuwa, garin da ya zama babban birnin Nijar har 1926, ba a ba shi layi biyu.

Nana: Baba, tarihi na nan. Hotunanmu mu biyar ne za su fita, shafi 2 cif suka ci. Yaya Sani, gobe bayan la'asar zan kai PDF ɗin gwaji.