Woody da Bo: Yaƙin Shekara 10 Cikin Baitoci

Baba Mai Ja:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Nuwamba ta kama, watan da Jami'ar Jihar Ohio ta garin Columbus ke karawa da Jami'ar Michigan ta garin Ann Arbor a ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a ruga da ita. Na ji yaran nan masu shuɗiyar riga sun fara ɗaga murya, to bari in tuna musu asalinsu. Woody Hayes ya horar da Ohio daga 1951 zuwa 1978, kuma Bo Schembechler, kocin Michigan da suke taƙama da shi, yaronsa ne. Mai amsawa ya amsa da baiti.

Da sunan Ta'ala nake buɗe baki,
Ya ba ni basirar da ba ta gazawa.

Ku zo nan ku zauna, ya ku masu shuɗi,
In ba ku tarihi, ku bar yin musawa.

Woody na Columbus, uban ja da toka,
Maza in sun hango shi sai tarwatsewa.

Kambun ƙasa har 5 ya ɗauko,
Ku kawo na Bo in da abin nunawa.

Salonsa guda ne, a rungumi ƙwallo,
Yadi 3 da ƙura, a yi ta kutsawa.

Ka san abin da zai yi tun kafin ya yi shi,
Ka tara mazanka, ba ka iya tarewa.

A Jami'ar Miami ta Ohio ya samo yaro,
Ya sa shi sahun gaba wurin bangazawa.

Ya ja shi Columbus ya zam mataimaki,
Shekara 5 cur yana koyon horarwa.

Da ya ƙoshi sai ya haye kan iyaka,
Ya je gun maƙiya yana ta gwadawa.

Ɗan Barberton ne, cibiyarsa na Ohio,
Ina sunan wannan in ba butulcewa?

Ɗan Shuɗi:

Wa alaikumus salam Baba, ranka ya daɗe. Ka tsallake shekara 6 da Bo ya yi yana riƙe da Miami, daga 1963 zuwa 1968, kafin Michigan ta kira shi. Ka kuma tsallake wata rana, da gangan nake zato.

Baba na gaishe ka, na durƙusa,
Amma zancen nan ba zan bar maka.

A 1968 me Woody ya yi mana?
Ka faɗa da kanka, ko in tuna maka?

50 da 14, wasa ya riga ya mutu,
Ya ce a nemo maki 2 bayan haka.

Bugun maki 1 da kowa ya saba,
Ya ƙi shi, don ya ga mun zub da kuka.

Ka kayar da mutum ka kuma taka wuyansa,
Wace tarbiyya ce, Baba, a garinka?

Bo ya iso Ann Arbor cikin hunturu,
Ya kawo horon da ke sa ƙato haka-haka.

Wasu suka tsere, ya kafa musu allo:
Wanda ya zauna zakara ne, ba shakka.

Ya liƙa 50 a kayan atisaye,
Kowa ya kalla sai ransa ya harzuƙa.

22 ga Nuwamba, 1969,
Woody ya zo da rundunar da ta ɗaukaka.

Wasa 22 a jere ba a kayar da ku ba,
Ku ne na 1 a duk faɗin Amurka.

24 da 12 aka tashi, Baba,
Ɗan hakin da ka raina ya tsone idonka.

Da gudu da ƙura ya ci ku, ba da sihiri ba,
Karatun Woody ne, je ka duba littafinka.

Almajirin Baiti:

Malamaina a yi mini afuwa, ni sabo ne a harkar nan.

Jihohi biyu maƙwabtan juna,
Harshe ɗaya, tuta ɗaya.

Ƙwallon yara 'yan makaranta,
Me ya kawo wannan ƙiyayya?

Baba Mai Ja:

Yaro ka yi tambaya. Ƙwallon "yara" da ke tara mutum fiye da 100,000 a filin Michigan? Saurara.

Tun 1835 suke ta husuma,
Kan tsirin Toledo suke ta jayawa.

Ohio ta ɗauka, aka ba su wani yanki,
Can sama da tafki, wurin lallashewa.

Da aka aje bindiga sai aka ɗau ƙwallo,
Ƙarshen kaka duk shekara ake haɗuwa.

Woody ba ya kama sunansu da baki,
Makarantar can ta arewa yake cewa.

Ana ba da labarin mai ya yi ƙasa a mota,
Suna cikin Michigan, dare na shigowa.

Ya ce da ya sai mai ya ba su ko sisi,
Gara ya kai ta iyaka da turawa.

Yanzu na dawo gare ka, ɗan shuɗi,
Rana ɗaya kake ta maimaitawa.

1970, 20 da 9 muka rama,
72 ma 14 da 11, ba tsayawa.

74 da bugu 4 muka gama da ku,
12 da 10, naku na ƙarshe na kaucewa.

75 ga namu Archie Griffin a fili,
Heisman, kyautar gwarzon shekara, har 2, shi kaɗai ke riƙewa.

21 da 14 a cikin gidanku,
Ina Bo a ranar? Yana ta cije leɓe da haɗiyewa.

Ɗan Shuɗi:

Baba ka yi tsalle daga 70 zuwa 72, ka kuma yi tsalle daga 72 zuwa 74. Ƙafarka na gudun shekarun mara ne?

A 71 muka ci 10 da 7,
Woody ya fusata, ya manta girmansa, ka ji ka.

Ya bi alamun gefen fili yana yagawa,
Ana ta ɗauka a talabijin, har ɗaka.

Amma bari wannan, zo mu je 73,
Nan ne ciwon yake, nan zan tsare ka.

Mu ba a ci mu ba, ku ba a ci ku ba,
Aka yi 10 da 10, kunnen doki, ba naka.

Wa zai je Rose Bowl, babban wasan zakaru can Pasadena?
Ku kun je bara, kowa ya ce mu ne, ba shakka.

Dennis Franklin mai jefa mana ƙwallo,
Ya karye a kafaɗa, aka fitar da shi haka.

Washegari daraktocin wasanni na Big Ten, rukunin jami'o'inmu,
Suka kaɗa ƙuri'a, ba ƙwallo, ba alƙalin da ya busa maka.

6 da 4 suka miƙa wa Ohio,
Abin da fili ya hana, waya ta ba ka.

Bo bai yafe ba har ya koma ga Allah,
Ni ma ban yafe ba, ko da ban zo duniya ba a wannan kaka.

Shekara 3 muka ci wasa 30,
2 kacal muka faɗi, amma ba inda aka kai mu, ka duba doka.

Rose Bowl ko gida, haka tsarin yake,
Sai 75 aka gyara, bayan an gama cutar ɗan'uwanka.

To ga ƙarshen yaƙin, riƙe kujera:
22 da 0 a Columbus, gaban jama'arka.

14 da 6, sannan 14 da 3,
Shekara 3 ba ku taka layin ƙarshe ba, ko da taka.

Bo 5, Woody 4, canjaras 1,
Ka ƙirga da yatsu, in ba su isa ba in ara maka.

Baba Mai Ja:

Ƙuri'a ta ba mu, mun je Pasadena,
42 da 21 muka yi wa Jami'ar USC, ba sassautawa.

Da ku aka tura da karyayyen madugu,
Da Big Ten ta kwana tana sunkuyawa.

Goggo Alƙaliya:

Tun ɗazu nake karanta ku ina tankaɗe. Yaya, ɗana, ku ba ni wuri.

Ku dakata haka nan, Yaya da ɗana,
Kun cika mana kunne da ƙidaya.

Kun lissafa maki, kun lissafa kofi,
Kun bar mutanen biyu can a baya.

Maƙerin da ya koya wa yaro ƙira,
Ya wayi gari wuƙar yaron ce sarauniya,

Haushi zai ji, daɗi ma zai ji,
Duka biyun a cikin ƙirji ɗaya.

Shekara 10 magana ta yi wuya tsakaninsu,
Kowa na nazarin ɗan'uwansa dare da safiya.

Zafin rai ɗaya, tsawa ɗaya, salo ɗaya,
Har ciwon zuciya suka yi tarayya.

Bo a jajibirin Rose Bowl na 1970,
Yara na fili, shi yana gadon jinya.

Woody ma nasa ya zo a 74,
Ya miƙe ya koma, bai ji magiya.

Sai 29 ga Disamba, 1978,
Gator Bowl da Clemson, wasa na ƙarshen tafiya.

Charlie Bauman na Clemson ya cafke ƙwallon Ohio,
Woody ya kai masa naushi a wuya.

Dattijo mai 65, gaban kyamara,
Ba zan wanke shi ba, Yaya, ya yi ta'asa a idon duniya.

Washegari aka sallame shi daga aiki,
Shekara 28 ta ƙare da kunya.

Nan ake gane maƙiyi da masoyi,
Wa ya yi shewa, wa ya ji tausayi a zuciya?

Bo bai ce Allah ya ƙara ba, ɗana,
Ya ɗau mota don ya gan shi, ya kama hanya.

Ya ci shi sau 3 a jere, ba ƙarya,
Amma bai so ya gan shi a ƙasa ta wannan hanya.

Maris 1987, a garin Dayton,
Bo zai yi jawabi a wurin walima, an yi gayya.

Woody jiki ba ƙarfi, ya ce sai ya je,
Shi zai gabatar da shi, ba ya aika wakili ko ɗaya.

Ya tsaya ya yabi yaron da ya kayar da shi,
12 ga watan ya bar duniya.

Nixon da ya mulki Amurka ya yi masa jawabin bankwana,
Wannan duk an sani, ni ga tawa tambaya:

Butulu ake tasowa daga gadon ciwo,
A je a yabe shi? Amsa mini, Yaya.

Almajirin Baiti:

Goggo kin kashe bakin kowa,
Ni dai na ajiye alƙalami, na sha miya.

Baba Mai Ja:

Goggo kin zo da nauyi. Amma ki lura da wanda ya taso ya je Dayton: namu ne. Girman na Ohio ne ko a nan.

Ƙanwata na ji ki, ban ƙi ta taki ba,
Uba ne ya nuna halin yafewa.

Bo da kansa ya ba da labarin wata liyafa,
Tsoffin 'yan wasa sun taru ana tunawa.

Woody ya yabi rundunarsa ta 69,
Ya ce ba ta da tamka a duk horarwa.

Ya juyo ga Bo ya ɗura masa ashar,
Ya ce wasan da ya fi wannan ba ka ƙara ciwa.

Ashar ce a baki, yabo ne a ciki,
Irin ta su Woody ba ta fassaruwa.

Kuma ya yi gaskiya: shekara 21,
Bo ya ci kofin Big Ten 13, kambun ƙasa na kufcewa.

17 ga Nuwamba, 2006,
Bo ya rasu, gobe za a yi karawa.

Mu na 1, ku na 2 a ƙasa duka,
Columbus ta yi shiru don girmamawa.

Muka yi masa ta'aziyya yadda ya koya,
42 da 39, ba ragawa.

Da mun sassauta don an yi mutuwa,
Shi da Woody ne farkon masu tsinewa.

Ɗan Shuɗi:

Wannan baitin na ƙarshe, Baba, na sa hannu a kai. Saura kuwa da sauran magana.

Da kun raga mana da mun ji kunya,
Bo ba ya karɓar sadaka, ko daga hannunka.

Kun ci mu 8 a jere, na san za ka faɗa,
2012 zuwa 2019, na riga ka.

2021 zuwa 24 kuma fa?
4 a jere, 2 a cikin ɗakinka.

Kambun 2023 yana Ann Arbor,
Ka ce mu kawo abin nunawa, ga shi gabanka.

Baba Mai Ja:

Na koci Harbaugh ne wannan, ba na Bo ba ne,
Yaro ka bar aron riga kana yafawa.

Ɗan Shuɗi:

Harbaugh ɗin wa ya horar da shi, Baba?
Shi ke jefa wa Bo ƙwallo, tambayi tsaranka.

In Bo ɗan Woody ne yadda ka ce,
To kofin jika ne, ka yi murna da jikanka.

Goggo ke ce alƙaliya, ga ƙara na kawo,
73 nake so a sake, da ni da Baba da shaidunka.

A tara daraktocin nan 10, ko magadansu,
Kowa ya ɗaga hannu a fili, ban da waya, ban da ɗaka.

Goggo Alƙaliya:

An karɓi ƙara, an ɗaga zama,
Sai bayan wasan Asabar ta ƙarshen wata, in muna da lafiya.

Wanda aka ci shi zai buɗe da baiti 10,
Na yabon kocin abokin gaba, ban da habaici ko ɗaya.