Taƙaitawa: Ƙuri'ar Amincewa da Bashin Gina Makarantu a Amurka

An yi doguwar muhawara kan yawan ƙuri'un da ya kamata a samu kafin a ci bashin gina makarantu a Amurka. Ga abin da na tsinto daga cikinta:

1. Kowa ya yarda: a jihohi da dama, hukumar makarantun yanki ba ta cin bashin gini sai masu zaɓe sun amince, tunda harajin gidajensu ne zai biya.

2. Adadin ƙuri'un amincewa da ake buƙata ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Teksas rinjaye kawai, Kalifoniya kashi 55 tun shekarar 2000, Washington kashi 60, Idaho kuwa biyu bisa uku.

3. Nan aka rabu. Wasu sun ce na Idaho ya yi tsauri: mutum 65 cikin 100 sun yarda, rufin aji na yoyo, a ce an faɗi! (Ni ma abin ya ɗaure min kai.) Wasu suka ce bashin shekaru ne, gara a tsananta.

4. Shawarar mafi rinjaye: a lissafa ayyukan da za a yi da bashin dalla-dalla kafin ranar ƙuri'a.