Maganin kariya daga ƙanjamau: me ke hana mu rubuta shi a ƙananan asibitoci?

Sista Rabi: Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'aikatan lafiya. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa wanda ke cikin haɗarin kamuwa da ƙanjamau ƙwayar PrEP, wato tenofobir haɗe da emtirisitabin, ɗaya kullum, tun bai kamu ba. Amma a asibitin sha-ka-tafi da nake aiki, sai wata ya zo ya wuce ba a rubuta wa kowa ba. Haka abin yake a wajenku? Kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa.

Malam Sani: Wa alaikumus salam Sista. Mu ko mun rubuta, ina za a karɓa? Maganin ba ya kantinmu, yana babban asibiti, a ɗakin da masu cutar ke karɓar nasu. Ka ba mutum takarda ka ce ya je can, sai ya ce to, ya linke ta ya sa aljihu. Lafiyarsa ƙalau, me zai kai shi layin da in maƙwabci ya hango shi an gama da shi a unguwa?

Maman Fadila, unguwar zoma: Ni matan aure ne damuwata. Tun da Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024 maganar gwaji ta ɗan saki jiki, amma waɗanda suka daɗe a ɗaki fa? A wajen awo muke gano su: mace ba ta da shi, mijin yana da shi, wani lokacin bai ma fara shan magani ba. Ita ce ta fi kowa buƙatar PrEP, aƙalla har mijin ya yi kamar wata shida yana shan nasa, gwaji ya nuna ƙwayar cutar ta kwanta, don a lokacin ba ya yaɗa ta. Na yi wa wata bayani ta gamsu, sai ta tambaye ni yadda robar maganin take. Da na nuna mata, ta ce, "Anti, wannan ai kamar irin tasa ce. In abokiyar zamana ta gani a jakata me zan ce?" Ga neman izinin fita duk bayan wata uku don sake gwaji. Kuma ita abokiyar zaman ba ta san halin da ake ciki ba, ni kuwa ba ni da hurumin faɗa mata. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Auwal: Gaskiya ni tambayar ce ke mini nauyi. Dattijo sa'an mahaifina yana zaune, ga labule kawai tsakaninmu da masu jira, ta ina zan fara tambayarsa harkar shimfiɗarsa?

Dakta Bello: Auwal, ni nakan ce kowa nake yi wa wannan tambaya, ba shi kaɗai ba, sai ka ga ya sake. Tawa matsalar gwaje-gwaje ce. Dole a tabbatar mutum ba ya ɗauke da cutar kafin ya fara, a kuma maimaita duk wata uku, domin in ya riga ya kamu yana shan magunguna biyun da ke cikin PrEP kawai, cutar na iya bijire wa magani. To kayan gwajin na yankewa. Sai ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a ƙasar nan: tenofobir na danne shi, in mai shi ya daina sha kwatsam ciwon na iya tasowa. Shi kuwa gwajin ƙoda, a 2022 Hukumar ta sassauta, ta ce ba dole ba ne ga wanda bai kai shekara 30 ba in ba shi da matsalar ƙoda. Da yawanmu ba su samu labarin ba, har yau ana korar matasa a kan gwajin da ba su da kuɗinsa.

Baban Khalifa: Ku yi haƙuri, amma ni ina ganin kamar muna buɗe wa samari ƙofar ɓarna ne.

Maman Fadila: Baban Khalifa, matar da na ba da labarinta wace ɓarna ta yi?

Hadiza, mai ba da magani: Kada a manta da kuɗi. A Janairun 2025 da Amurka ta dakatar da tallafin PEPFAR, shirinta na yaƙi da ƙanjamau a ƙasashen waje, rangwamen da ya biyo baya mata masu ciki da masu shayarwa kaɗai ya bar wa PrEP. Mun sallami mutanen da suka saba karɓa hannu biyu-biyu babu komai, wasu ba su sake dawowa ba. Shi ya sa abokan aiki ke ɗari-ɗari da sa sabon mutum. Allurar lenakapabir da ake yi sau biyu a shekara, wadda Hukumar ta amince da ita a Yulin 2025, za ta raba mata da ɓoyon roba, in har ta sauko matakinmu.

Sista Rabi: Dakta, don Allah turo mana wannan takarda ta 2022, in kai wa shugabar asibitinmu ranar Litinin.