Ta faɗi waje, ta mirgino ciki kafin bes na uku: wa ya taɓa ganin haka a sofbol?

Kocin 'yan mata, Maamobi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar a wasan sada zumunci na sofbol, wasan da ake buga ƙwallo da sanda a ruga a zagaye matsayai huɗu da ake kira bes, yarinyata ta ɗan dungure ƙwallo da sanda. Ta faɗi wajen layi, ta yi ta mirgina har ta dawo ciki ta tsaya kafin bes na uku, ba wanda ya taɓa ta. Alƙali kuwa tun tana waje ya kwarma fawul, wato ƙwallon waje ce. Mu mun ce ciki ce. Ku ba mu labarin abin da kuka gani a naku filayen.

Tsohon alƙalin wasa, Nima:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, gaskiya taku ce, ɗan'uwanmu ya yi garaje. Daga gida, wato inda mai bugu ke tsayawa, zuwa bes na ɗaya ko na uku ƙafa 60 ne, kuma a wannan tsakanin inda ƙwallo ta fara faɗuwa ba ya yanke hukunci. Ana duba inda ta tsaya, ko inda take sa'ad da aka fara taɓa ta, ko ta ina ta wuce bes. Sai in ta tashi sama ta tsallake bes ne ake bin wurin da ta fara sauka, ko da daga baya ta gangara waje. Matsalar, da an furta fawul wasa ya tsaya, masu gudu sun ja birki. Shi ya sa ƙwallon ciki ba a yi mata magana, nuni kawai ake yi zuwa cikin fili. Fawul ce ake ɗaga wa hannu biyu da murya.

Mai tsaron bes na uku, Madina:
Baba, ni wannan dokar nake ci da ita. In na ga mai gudu ta fi ƙarfina, ina barin ƙwallon ta mirgina, tana leƙa waje sai in dafe ta, ta zama fawul. Wata rana wani uba ya yi ta kumfar baki wai ƙafafuna biyu suna ciki. To ai ba ƙafata ake wa shari'a ba, ƙwallon ce.

Malamin motsa jiki, Sabon Zango:
Mu da toka muke ja layi, kafin a yi nisa iskar hunturu ta share rabinsa, sai musu. Layin kansa ciki ne, kamar yadda yara suka sani a ƙwallon ƙafa. Bara ƙwallo ta daki bes na uku ta yi tsalle har gindin teburin mai koko da ƙosai. Kowa ya ce waje, alƙali ya nuna ciki, kuma daidai ya yi.

Kocin 'yan mata, Maamobi:
Malam, bes na ɗaya mai launi biyu fa?

Malamin motsa jiki, Sabon Zango:
Hajiya, fari ciki, mai ruwan lemo fawul. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne farantin gida, wato bes ɗin da ke gaban mai bugu: in ƙwallo ta buge shi sai yara su tsaya suna kallo, alhali shi ma cikin fili yake.

Tsohon alƙalin wasa, Nima:
Sai dai in ta taɓa mai bugu tana cikin akwatinta, wato wurin da aka zana mata ta tsaya, nan fawul ce. Ƙanwata, in za ku sake karawa ki sanar da ni, zan zo in tsaya muku a gida.