Ɗana ɗan shekara 9 ƙiba na neman yi masa yawa, ni kaɗai na kasa

Maman 'Yan Uku, Tudun Wada

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema kuma kar a min dariya. Ɗana na biyu shekararsa 9 amma wlh kayan yayansa ɗan 13 yake sawa, wandon makaranta sau biyu ina kai wa tela ya buɗa a zango ɗaya. Da dare minshari kamar wani magidanci, ya ɗan yi gudu sai haki. Na daina ajiye lemon kwalba a firij, na rage soye-soye, amma duk a banza don ana tashi tara zai nufi bakin get ya sayi lemo da biskit da cincin, ranar da na hana kuɗin tara abokai su sammasa. Ga kakarsu kullum "ku bar min maigidana ya ci, ƙiba ai rufin asiri ce", ina hanawa tana kiransa ɗaki tana ba shi a ɓoye. Kuma ba shi kaɗai ba ne fa, a layinmu kawai na ƙirga yara huɗu haka. Akwai unguwar da iyaye suka taɓa haɗa kai da makaranta ko mai unguwa a kan irin wannan? Ta ina ake farawa?

Ɗan Gyallesu

Hajiya ki yi haƙuri amma a wannan marrar da mutane ke neman na sawa a bakin salati ke ƙiba ce damuwarki? Wannan ai ciwon 'yan GRA ne. Ki gode wa Allah, yana girma zai saɓe.

Nas daga Samaru

Malam na Gyallesu, da gaskiyarka ta wani ɓangaren, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 a Najeriya tsayinsu bai kai na shekarunsu ba saboda rashin abinci mai gina jiki, kuma mu nan Arewa abin ya fi tsanani. Amma ɗaya ba ya kore ɗaya, a gida guda sai ka ga ƙanwa ta rame wa kuma ya yi tulu, don abin da ya fi araha ya fi saurin cika ciki yanzu fulawa ne da suga da mai. Ba sai ɗan mai kuɗi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 sama da miliyan 390 ne nauyinsu ya wuce ƙima. Kuma "zai saɓe" ɗin nan ba kullum ba ne, da yawa da ita suke girma.

Maman 'Yan Uku 'yar'uwa, abu na farko ki kai shi awo, a auna tsayi da nauyi a duba da shekarunsa, ido ba sikeli ba ne, kuma ki faɗa musu maganar minsharin. Sannan ki duba bayan wuyansa da hammata, in kin ga fatar ta yi baƙi ta yi kauri kamar datti amma kin cuɗa da soso ba ta fita, toh ba ƙazanta ba ce, sau da yawa alama ce jiki ya fara gardama da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, wato hanyar ciwon suga ke nan. Iyaye nawa ne suke dukan yaro wai ba ya wanka alhali abin daga cikin jiki ne.

Kar ki sa shi yunwa, yaro ne yana kan girma. Abin sha za ki fara kamawa. Robar lemo ta 50cl ɗin nan sugan cikinta ya haura cokalin shayi 10, alhali abin da hukumar ta ce ya fi dacewa ko ga babba kamar cokali 6 ne a yini. Motsa jiki kuma minti 60 kullum ga 'yan shekara 5 zuwa 17. Sai ki lura ko ana ba shi irin maganin cin abincin nan ko sha-ka-fashe da ake saya a kemis ba likita, wasu akwai sitiroyid a ciki, kumburi ne suke sawa ba lafiya ba.

Malamin Firamare, Ƙofar Doka

Hajiya tambayarki ta ƙarshe ita na zo amsawa don mun gwada a inda nake koyarwa. Kuskuren da muka fara yi shi ne korar masu talla daga bakin get. Sati ɗaya ba a yi ba suka koma bayan katanga yara na miƙa kuɗi ta sama, ga gaba da muka saya a unguwa don yawancinsu zawarawa ne da matan da da wannan farantin suke ci da marayu. Sai muka sake lale, aka kira taron PTA aka gayyato su su ma suka zauna, mai unguwa ya zo, limamin masallacin layin ya zo. Aka yi yarjejeniya ba wanda za a kora, amma lemon kwalba da alawa ba za a sayar lokacin tara ba, a kawo dafaffiyar gyaɗa, ƙwai, ɗanwake, kwaɗon zogale, yalo, gwaba, kankana, duk abin da kaka ta kawo.

Wanda ya fi ba mu wuya kuma shi ne lokaci. Ki duba ranar yaro yanzu, 7 na safe an cusa shi a keke napep, a tashi boko a shiga lesin, daga nan Islamiyya sai dab da magariba, ya dawo ya rungumi waya yana kallon katun. Yaushe zai yi gumi? Mu da muke tafiya a ƙasa tun daga cikin gari, da yamma a yi langa a yi ƙwallo, mata na 'yar gala-gala da tsallen igiya, yau filayen duk an yanka an yi shaguna. Sai da liman ya sa baki malaman Islamiyya suka yarda Alhamis da Juma'a da ba karatu a buɗe harabar yara su yi wasa, samari biyu na lura da su. Ba zan ce miki komai ya gyaru ba, wasu masu tallan sun koma gidan jiya, amma an rage. Ki kuma nemi kwamitin ci gaban gunduma da ke aiki da asibitin shan magani na mazaɓarku, su ne za su iya turo ma'aikaciyar lafiya ta zo makaranta ta yi awo. Kuma dan Allah a yi wa duka aji, kar a ware masu jikin a tsayar da su gaban 'yan'uwansu, tsokanar "buleliya" da suke sha ta ishe su.

Anti Mai Zoɓo, Sabon Gari

Malam ka yi magana amma ku ma iyaye sai kun taimaka. Ni na taɓa rage suga a zoɓo da kunun aya, wlh rabin kula na dawo da shi gida, yaran suka ce salam suka koma wajen ta kusa da ni. In za a rage a rage gaba ɗaya lokaci guda kuma a hankali, ba ni kaɗai in yi asara ba. Gwamnati ma ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo tun dokar kuɗi ta 2021, wa ya daina sha?

Maman 'Yan Uku, Tudun Wada

Na gode ƙwarai Allah Ya saka. Anti Nas gabana ya faɗi don wuyan nasa haka yake, sati nawa ina dirza yaron nan da soso, Litinin in sha Allah za mu je awo. Malam zan tara iyayen yaran layinmu mu je wajen hedimasta tare. Hajiya kaka ce dai ban san ta inda zan ɓullo mata ba, ni suruka ce ba na iya ɗaga mata murya, sai dai in lallaɓa babansu ya tafi da ita asibitin ta ji daga bakin likita da kunnenta.