Abin da aka faɗa kan solon jita a bulus mai tafiyar hawainiya

Ga abin da na tsinta daga maganganun waɗanda suka saurari wani solon jita (wato inda jita ke jan kiɗa ita kaɗai) a salon bulus, wato kiɗan blues na Amurka, suka ba da shawarar yadda za a gyara shi.

1. Kusan kowa ya ce sautukan sun yi yawa. Ka buga jimla, ka yi shiru, ka amsa ta, kamar mawaƙi da 'yan amshi. An yi ta kawo misalin B.B. King, shahararren makaɗin jitar bulus, wanda sauti ɗaya da karkarwar yatsa kan ishe shi.

2. Jan tsirkiya, wato tura ta da yatsa don sautin ya hau: sau da yawa jan ba ya kaiwa sautin da aka nufa, kuma a kiɗa mai tafiya sannu kunne ba ya yafewa. Fara buga sautin da kake nema, sannan ka ja har su daidaita.

3. Bi canjin kod (sautukan da ake bugawa tare) a cikin gaɓoɓi 12 da zagayen bulus ya ƙunsa, musamman a gaɓa ta 5 da ta 9.

4. Ɗauki kanka a waya, ka saurara washegari.

Inda aka rabu: wasu sun ce pentatonik (jerin sautuka biyar da ake gina solo a kansu) ƙarami ya wadatar, wasu suka ce sai an gauraya da babba. Haka batun haddace solon manya. Wani ɓangare na ganin makaranta ce, wani na tsoron kwaikwayo. Ni dai ina tare da masu haddar.