Musayar Waƙa: "Sleekit", Sulɓi ko Makirci?

Malam Tanko:
A Nuwamban 1785, garmar Robert Burns, mawaƙin Sikotlan, ta tone sheƙar ɓera a gonar Mossgiel, ya yi masa waƙa, ya kira shi "sleekit" a ɗangon farko.
Kalmar Sikotlan na kawo muku yau,
"Sleekit", ku warware mana ita da kyau.

Hajiya Bilki:
Malam, ai wannan ba ta da wuya,
Sulɓin gashi ne mai sheƙi a baya,
Tushenta "sleek", da "-it" a wutsiya,
Inda Ingilishi ke sa "-ed", ka jiya?

Ɗan Zazzau:
Hajiya, kin sha romo kin bar tsoka,
Je ki Gilasgo ta Sikotlan ki ce wa wani haka,
Macijin ƙaiƙayi suke nufi, ba shakka,
Mai murmushi yana ɓoye wuƙa.

Hajiya Bilki:
Ƙanena, karanta ɗangon ka ƙarasa,
Ƙarami, maƙurarre, matsoraci ya jera masa,
Wanda ya rushe wa ɗaki da garmarsa,
Shi zai kira makiri? Tashi, ka sha ƙasa!

Uwar Biyu:
Allah ya ja zamanin Hajiya! Zazzagawa sai a koma makarantar allo.

Malam Tanko:
Bari in raba ku da irin baitin Burns ɗin:
Ɓera dai ɓarawon hatsi ne,
Burns ya ce yakan yi sata, haka ne,
Amma zangarniya guda cikin dami 24 ne,
Ya yafe masa,
Ma'ana biyu a kalma guda ne,
Kowa da tasa.

Ɗan Zazzau:
Ƙwar shida ta fito, amsa-amo ya zauna, amma kari ya karye, Malam. A "Standard Habbie", wato irin baitin Burns ɗin, ɗango na 1, 2, 3 da 5 ƙafa huɗu ne, na 4 da 6 ƙafa biyu. Ɗangonka na uku ya yi tumbi. Kuma "ne, ne, ne" ai amsa-amon ragwaye ne.

Malam Tanko:
Su da nauyin murya suke ƙirga ƙafa,
Mu da tsawon gaɓa muke yin sarƙafa,
Ka auna gero da ma'aunin atamfa,
Ɗana, ka ce mudu ya gaza?

Ɗan Zazzau:
"Gaza" da "atamfa"? To, madalla.

Uwar Biyu:
Shi Habbie ɗin da aka sa wa baitin sunansa mai busa ne a ƙauyen Kilbarchan na Sikotlan, in an manta. Hajiya, ki dawo, sun bar ɓera a fili cikin sanyi.